Majigin Barba Lefteri a Ranar Fasa Tuluna

Ranar Lahadin da muke shiga coci da ganyen dabino, Barba Lefteri, Barba muke ce wa dattijo a nan, ya shigo shagona na gahawa, ya murza gashin bakinsa dama da hagu, ya sanar da jama'a cewa bana zai rufe bakin kowa a ƙauyen nan.

"Bakin wa ka taɓa bari ya buɗe, kumbaro?" in ji Stamati mai aski, ko ɗagowa daga kofinsa bai yi ba. Shi ne ya riƙe wa Lefteri kambin aure a coci tun suna samari, don haka kumbaro suke kiran juna, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Abin da ya jawo maganar shi ne tsohon fim ɗin nan na Annabi Musa da Fir'auna, wanda gidan talabijin ke sakawa duk shekara a makon Ista. Rabin ƙauyen kan taru a shagona su zuba wa 'yar akwatin da ke saman firij ido. Mun haddace shi tas, amma musu a kansa bai taɓa ƙarewa ba. Fada Yerasimo yakan ce soyayyar da aka cusa a ciki babu ita a Littafi, kuma ban taɓa ganin ya tashi ba idan an zo wurin. Manoli, wanda ya yi rayuwarsa yana dako a tashar jirgin ruwa, ya ce shi bai ga komai ba sai yajin aikin masu yin tubali, na farko a duniya. Tsohuwa Kira Froso, Kira lakabin girmamawa ne na mata a wurinmu, tana kuka tun daga kwandon jariri har ƙarshe. Panteli masunci kuwa magana ɗaya yake maimaitawa: duk wanda ya tsage tekun nan bai taɓa taka gindin teku ba, don babu laka ko kaɗan, mutane na tafiya kamar a tsakar gida.

Shi kuma Barba Lefteri yana cikin fim ɗin. Haka yake faɗa. A Iskandariya aka haife shi, cikin Girkawan Masar, kafin iyayensa su dawo mana da shi nan tsibirin Korfu. Da farko cewa yake yi Amurkawan sun ɗauke shi cikin taron da ya ratsa tekun. Da shekaru suka ja sai ya zama mai jan raƙumi. Daga baya shi ne ya koya wa mai fitowa a Musa yadda ake riƙe sanda. Bara har ya ce shi ya nuna musu daidai inda za su tsaga ruwan. Duk shekara idan an zo wurin sai ya zabura ya danna yatsa a gilashin akwatin ya ce, "Ga ni nan," yatsan kuma ya rufe mutum dubu.

"Laifin akwatin Evantiya ne," ya ce ran nan, yana nuna ni da haɓa. "Ko Fir'auna a cikinta bai fi ƙwayar zaitun ba. Na aro injin majigi da kaset daga birni. Zan baza muku shi a ƙyalle mai girman bangon coci, ku gan ni da idanunku a tsakiyar teku."

"In ba mu gan ka ba fa?" in ji Stamati.

"Za ku gan ni."

"In ba mu gan ka ba, zan aske wannan tsintsiyar da ke ƙarƙashin hancinka."

Gashin bakin Lefteri ba abin wasa ba ne. Tun da ya gama aikin soja aska ba ta taɓa shi ba, yana shafa masa kakin zuma, kuma marigayiya matarsa ta sha faɗa mini da 'yar raga yake ɗaure shi in zai kwanta. Gonar zaitun ɗinsa ta tafi, kwale-kwalensa ya nutse, gashin bakin nan kaɗai ya rage masa abin fita da shi cikin maza. Na so ya yi dariya ya bar maganar, wallahi na so.

"Na yarda," ya ce. "In kuma kun gan ni, za ka sumbaci hannuna a ƙofar coci, kowa na kallo."

Suka tafa a gaban Fada, shi ke nan magana ta ƙullu.

Sai aka zo tsayar da rana. Fada ya ce kada ya ji ko tarin majigi da yamma, don duk yammacin makon nan na coci ne. Ranar Alhamis mata na rina ƙwai ja, ba mai fitowa. Juma'a ranar makoki ce. Abin da ya rage sai safiyar Asabar.

"Asabar ta fasa tuluna?" na ce. "Barba, ka san ƙarfe sha ɗaya ƙararrawa ke bugawa, kowane gida ya turo tulunsa daga bene. Ko kare ba ya tsayawa ƙarƙashin taga a wannan safiyar."

"Kira Evantiya, mutumin da ya tsage teku kike koya wa lissafi? Da sassafe za mu fara. Kafin a taɓa igiyar ƙararrawa, Stamati ya gama goge leɓensa."

Da zannuwan gadona huɗu ya tafi, na kayan aurena, Froso ta ɗinke masa su wuri guda. Shawararsa ita ce mutane su zauna cikin doguwar rumfar dutse da ke gaban shagona, a rataye ƙyallen a bakinta, a lulluɓe bayansa da baƙin tamfol ɗin da muke shimfiɗa wa zaitun, ciki ya yi duhu.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga shi da tsani da guduma, ƙusoshi cike da baki. Froso na fitowa daga coci da ragowar furannin da suka yi wa makarar Almasihu ado. Ta saki kwandon a ƙasa.

"Lefteri, yau? Ranar da aka buga wa Ubangijinmu ƙusa za ka ɗaga guduma? Uwarka ba a coci aka yi mata wankan baftisma ba?"

"Ƙusa huɗu ce kawai, Kira Froso."

"Shi nawa aka buga masa?"

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannunsa ya sauko. Ya dama garin alkama ya yi ƙoƙarin manna ƙyallen a bango, ƙyallen ya zauna kamar na minti guda ya sulalo masa a ka. Ya gwada tokare shi da sandunan kaɗe zaitun, sanda ɗaya ta zame ta fasa mini fitilar ƙofa. Can sai ya ɗaga kai ya dubi sama, na ga idonsa ya yi haske.

A saman shagona 'yan'uwa biyu ke zaune, Todori da Andoni. Tun rabon gadon ubansu ba sa magana da juna. Kowa da barandarsa, ta dutse zalla, babu ko ƙarfen da za a ɗaura zare. Abin da ke kan bakin kowace baranda shi ne tulun gobe, ƙato, kusan tsayin ƙirjin mutum, an cika shi da ruwa har wuya. Duk shekara gasarsu ɗaya ce, tulun wa zai riga taɓa ƙasa.

"Ga turaku Allah ya kafa mana," in ji Lefteri. "Maza uku ba sa motsa su."

Ya hau ya roƙi Todori. Todori ya ce, "Ɗaura. Amma ƙararrawa na bugawa zan tura, ko uwata ce ɗaure a jikinsa."

Ya zagaya ya roƙi Andoni. Andoni ya ce, "Wancan ya yarda? To ɗaura igiya biyu a nawa. Amma ba na jiran kowa."

Ya ɗaura igiyoyi a kunnuwan tulunan, ya zuro su ƙasa, ƙyallen ya miƙe sumul. Gaskiya ya yi kyau. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu ya ce haka Amurkawa ke yi.

Safiyar Asabar rumfa ta cika tun kafin in gama ɗora ruwan zafi. Froso ta leƙa coci ta kunna kyandir ta dawo ta kama kujerar gaba, ta ce wannan ma ibada ce. Stamati ya zauna a gefe da 'yar jakarsa a cinya. Lefteri ya sa farar rigarsa ta Ista, ya yi jawabi a kan zafin hamada, sannan ya danna injin. Wuta ta ɗauke.

"Kashe tanderunki, shi ke janye wutar," ya ce mini.

"Burodin Ista na gida goma sha biyu ne a ciki. Ka je ka faɗa wa matan da bakinka."

Ya dubi matan, ya fasa. Aka tafi jawo waya daga shagon Stamati, wanda ya ɗauki lokaci mai tsawo yana laluben mabuɗi a aljihun da kowa ya san babu shi. Da hoton ya fito, Fir'auna kore ne shar kamar ɗanyen ganye. Lefteri ya ce haka launinsa yake a zahiri, ya gan shi. Manoli ya bugi injin da tafin hannu, launi ya dawo daidai.

Daga nan sai kowa ya tuna yana da ra'ayi. Kwandon jariri na hawa ruwa Froso ta fashe da kuka ta ce a mayar baya, hawaye sun hana ta gani. Aka mayar. Ta sake kuka, ta sake rashin gani.

"A mayar mata," in ji Stamati cikin tausayi. "Tsohuwa ce, wa ya san baɗi."

Fir'auna na fitowa da ƙwalelen kansa da faffaɗan ƙirji, matan bayan rumfa suka fara gyaran murya. Wata ta ce ita kam da a Masar take ba inda za ta. Mijinta ya ce shi ma kansa a aske yake ai. Ta ce kan kaɗai ne, ƙirjin babu. Aka tsayar da kaset har suka gama.

Da aka zo wurin tubali Manoli ya miƙe ya juya wa ƙyallen baya ya fuskanci jama'a. Ya ce su duba da kyau: an hana masu yin tubali ciyawa, an ce adadin tubali kada ya ragu, haka aka yi musu a tashar jirgi ba bambanci. Ya ce abin da ya ba shi haushi da Musa ɗaya ne, bai kafa kwamiti ba. Wani ya ce ai ɗan'uwansa Haruna shi ne kwamitin. Manoli ya ce mutum ɗaya, kuma ɗan uwa, wannan ba kwamiti ba ne, son kai ne.

Da Lefteri ya bar abin a nan, da ya tsira. Amma shi ma bai iya barin hoto ya wuce ba tare da ya sa baki ba. Yakan tsayar da kaset ya je gaban ƙyallen da sandarsa. Wannan dutsen a kansa ya ci abincin rana. Wancan raƙumin ya taɓa cizonsa. Gemun Musa, wanda ya hau dutse baƙi ya sauko fari, da gashin akuyar maƙwabcinsu aka yi shi.

Na fita duba burodi, na ga rana ta hau. Mutane sun fara leƙowa ta tagogi, an rataye jajayen ƙyallaye, 'yan badujala na gyara ƙahoninsu a dandali. A sama, Todori da Andoni kowa ya naɗe hannun riga ya dafa tulunsa, suna satar kallon juna.

Na dawo na raɗa masa, "Barba, kwance igiyoyin nan."

"In na kwance ƙyalle ya faɗi. In ya faɗi ba su gan ni ba."

Muka ji wani sauti, shuu, shuu. Stamati ne ya fito da askarsa yana wasa ta a jikin fata, idonsa a kan fim ɗin kamar mai tsananin sha'awa.

Lefteri ya danna wurin gudu. Annobar Masar ta wuce a guje, kogi ya zama jini ya dawo ruwa kafin a ƙifta ido, ƙanƙara ta zubo ta tsaya. Rumfa ta kaure. Froso ta ce ba ta zauna tun sassafe don a sace mata fushin Allah ba. Stamati ya ce shi ba zai yarda da tsallake ba, ta yiwu a nan kumbaronsa yake, kada a zalunce shi. Aka mayar baya.

Gumi ya fara narka kakin gashin bakin. Lefteri ya jawo Panteli gefe.

"Ruga coci ka ce wa Fada ya ɗan ja addu'ar, ya jinkirta ƙararrawar kaɗan."

Panteli ya tafi a hankali, ya dawo a hankali.

"Me ya ce?"

"Ya ce Wanda zai tashi daga kabari ba ya jiran kaset."

A ƙarshe dai aka iso bakin teku. Musa ya ɗaga sanda, ruwa ya tsage ya tsaya bango biyu. A kan zannuwan gadona abin ya yi girma har na ji tsigar jikina ta tashi, duk da na gan shi ba adadi. Sai Panteli ya buɗe baki.

"Babu laka," ya ce.

Lefteri ya je ya tsaya jikin ƙyallen, sanda a hannunsa. Taron ya shiga tsakanin ruwan. Sai dai abin da bai lissafa ba shi ne, girman hoto bai ƙara wa fuska haske ba. Mutanen da a akwatina suke kamar ƙwayar zaitun, a nan sun zama kamar dunƙulen ƙullu, ba ido ba hanci.

"Ga ni nan, bayan jakin can."

"Mace ce wannan, da goyo," in ji Froso.

"Na kusa da ita."

"Tunkiya ce."

"Ku dakata, yanzu zan fito."

Taron ya gama wucewa, na ƙarshe ya haye gaɓa. Stamati ya gwada kaifin askar a gashin hannunsa. Na dubi fuskar Lefteri a hasken majigin, na ga tsoro tsagwaronsa, kuma ya ba ni tausayi matuƙa. Amma bakinsa bai san tsoro ba.

"Na tuna," ya ce. "A rana ta biyu doki suka ba ni. Ina cikin rundunar Fir'auna. Ku zuba ido, na uku daga hagu."

Kekunan yaƙi suka kutsa cikin tekun. Bangon ruwa ya fara karkata. A daidai nan ƙararrawar coci ta buga.

Andoni ne ya riga turawa, kodayake har yau Todori na musu. Gefe ɗaya na ƙyallen ya fizge, ɗayan ya biyo shi, tulunan suka wuntsulo suna amayar da ruwa suka tarwatse a bakin rumfa kamar an harba igwa. Daga ko'ina a ƙauyen tuluna na fashewa, ƙararrawa na kaɗawa, badujala ta ɓarke. Zannuwana huɗu, jiƙe sharkaf, suka rufto kan Barba Lefteri, ruwan tulu biyu ya kwararo mana har idon sawu.

Wani farin abu ya miƙe daga ƙasa yana lalube. Ya tako cikin rumfa, hannuwa a sama, ya nufi injin, injin kuma bai daina aikinsa ba. Duk tekun ya sauka a jikinsa. Dawakai na birgima a kan tumbinsa, sojoji na nutsewa a ƙirjinsa, igiyar ruwa na rufe masa kai, shi kuma yana tari yana neman hanyar fita. Froso ta yi alamar gicciye. Manoli ya zame daga kujera don dariya. Ni kuwa ina kallon ɗinkin zanina na aure yana yagewa a gwiwar hannunsa.

Fada Yerasimo ya iso da ganyen da ya watsa a coci maƙale a rigarsa, ya tarar mutane na tsintar ɓaraguzan tulu don sa'ar shekara, Lefteri kuma na zaune a kujera yana ɗiga, gashin baki ya kwanto kamar jelar jaki.

"To, an gan shi ko ba a gan shi ba?"

"Ni na gan shi," in ji Panteli. "A tsakiyar teku, yana nutsewa tare da mutanen Fir'auna. Da idona."

"Ni ma," in ji Froso. "Har na yi masa addu'a."

"Fada, fim ɗin muka gani a jikinsa," in ji Stamati. "Shi ba mu gan shi a cikin fim ba."

Fada ya shafa gemunsa. Tun jiya bai sa komai a cikinsa ba, ba ya son doguwar shari'a.

"Kowa ya ci rabi, kowa ya faɗi rabi. Kai ka sumbaci rabin hannu. Kai kuma a aske rabin gashin baki."

Stamati ya sunkuya ya sumbaci yatsu biyu, ya goge baki. Sannan ya yafa wa kumbaronsa tawul.

"Dama ko hagu?"

Lefteri ya kama gefen dama, ya saki ya kama na hagu. Idonsa ya ciko. Kowane tsini ya ci shekaru yana reno, ba ya iya ba da ko ɗaya. Stamati ya tsaya da aska a sama, na ga shi ma hannunsa ba ya son sauka.

"Rabi dai aka ce, ba a ce daga ina ba," ya yi gunaguni. "Ɗaga hancinka, kumbaro."

Ya aske tsakiya. Ya buɗe hanya fara fes daga hanci zuwa leɓe, ya bar gashi bango biyu, dama da hagu, kowanne da tsininsa.

Washegari, Lahadin Ista, muna gasa raguna a dandali, baƙi sun zo daga birni. Na wuce da tiren ƙwai ja, na ji Lefteri ya tara su yana cin haƙarƙari yana bayani. Wai duk wanda ya ratsa tekun nan a fim ɗin haka yake barin gashin bakinsa, alama ce da Amurkawa suka ba su, su ɗin ba su fi a ƙirga da yatsu ba a duniya.

Panteli ya matso da kujerarsa, ya ƙura wa askin ido na ɗan lokaci. Maiƙon rago da ɓarɓashin gawayi sun taru a cikin hanyar.

"Wannan tsagewar kam na yarda da ita," ya ce. "Ga shi har da laka a tsakiya."